Inabin da Ke Bakin Kogon Stenmyra

Elof Brännlund bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba sai a cikin kogo, inda ƙarar inji ke tilasta wa mutum ihu ko da gaisuwa zai yi. Shi ya sa har yau in aka tayar da zancen abin da aka yi masa, mutanen Stenmyra sukan ajiye kofi su yi shiru, su kalli taga. A wurinsu wannan ya fi zagi nauyi.

A Stenmyra aka haife shi, can arewacin Suwidin, a wani jan gidan katako da ke kallon layin dogo. Ubansa ma'aikacin layi ne, aikinsa share dusar ƙanƙara daga mahaɗar dogo. Elof yana saurayi ya shiga aikin kogo, bai fito ba sai da furfura. An fafe kogon ne a cikin dutsen da ke bayan gari tun zamanin da ake tsoron jiragen yaƙi, aka shimfiɗa dogo har ciki, aka turo injin juya wuta a kan taragonsa, aka rufe ƙofar ƙarfe. Ma'aikata suna kiran injin Tsohuwa.

Aikin Tsohuwa ɗaya ne. Wutar da ke zuwa gidaje tana bugawa sau hamsin a daƙiƙa, jiragen ƙasar kuwa ba sa cin irinta, sai wadda aka sassauta wa bugu zuwa kashi ɗaya cikin uku. To, Tsohuwa takan sha wutar gari ta gefe ɗaya, wutar ta juya wani ƙaton sandan ƙarfe mai kaurin gindin itace, sandan ya juya janareta a ɗaya gefen, janaretan ya haifo wuta mai nawa irin wadda jirgi ke so, a tura ta wayar da ke saman dogo. In jirgin tama ya kama hawan tudu, muryarta takan yi ƙasa, daɓen kogon ya ɗauki rawa, gahawa ta riƙa kaɗawa a cikin kofi. Elof ya shekara arba'in da ɗoriya yana ba ta mai, yana sauya mata gawayin da ke gogar ƙarfe, yana dafa murfinta da tafin hannu ya ji ko ta yi zazzaɓi. Ita kuma ta cinye masa kunnen hagu.

Abin da ke juyi ba hutu dole ya yi zafi. Akwai fankoki da ke kwashe zafin su tura shi ta wani dogon rami a ƙarƙashin dutsen, ya fita ta gefen kudu. A wannan ɗan fili kaɗai, ko da dusar ƙanƙara ta binne shingen kowa, ƙasa tana nan baƙa tana tururi. Maza sun yi shekaru suna wucewa ta wurin ba su ga komai ba sai wurin busar da safa. Majvor ce ta ga gona.

Majvor 'yar kudu ce, aikin jinya ya kawo ta ɗakin shan magani na garin. Tana da baki, abin da ke ranta shi ke kan harshenta, har mutanen Stenmyra suka yi wata guda suna tsoronta. Ita ta fara yi wa Elof maganar aure.

"In na jira ka, sai na tsufa kafin ka gama gyaran murya," ta ce masa. "Kana so ko ba ka so?"

Ya ce, "To, ba laifi."

"Wannan shi ne iyakar murnarka?"

"Ai na ce ba laifi."

Shekarar da uwarta ta rasu, Majvor ta dawo daga kudu da wani ɗan reshe naɗe a cikin jiƙaƙƙiyar safa. Daga inabin da ke jikin bangon gidansu ta yanko shi. Duk garin aka yi mata dariya a ɓoye, don nan ko tuffa da ƙyar take nuna. Ita kuwa ta sa Elof ya kwaso tagogin tsofaffin taragun da aka yasar, suka haɗa ɗakin gilashi a bakin ramin nan, ya yi wa ramin ƙyauren kwano mai igiya. Da bazara a buɗe shi sosai. Da hunturu a bar shi kaɗan, daidai yadda itacen zai yi barcinsa ba tare da saiwarsa ta daskare ba. A shekara ta huɗu ya yi 'ya'ya, ƙanana, baƙaƙe, masu ɗan tsami.

Daga nan duk watan Satumba babu gidan da ba a kai wa nono guda na inabi ba. Direbobin jirgi sun ci. Manyan da ke zuwa duba aiki daga birni sun ci, sun lashe yatsa, wasu har da guzuri. Babu wanda ya taɓa cewa fili na hukuma ne, babu kuma wanda ya taɓa cewa an yarda. Da ciwon ajali ya kwantar da Majvor, abin da ta bar wa mijinta na wasiyya bai wuce jimla biyu ba. Ta ce kada ya cika wa itacen ruwa, kuma ya riƙa buɗe bakinsa in abu ya dame shi, don ba ta nan balle ta faɗa masa. Na farkon ya riƙe shi da kyau.

Zamani ya sauya. Aka daina kwana a kogo, wani ɗaki mai nisa a bakin teku ya koma juya Tsohuwa ta waya. Elof ya yi ritaya, amma babu wanda ya tambaye shi makulli, shi ma bai mayar ba. Kullum da safe yakan hau tudun, ya ja igiyar ƙyaure ko ya sassauta, ya tsaya ya ji muryar injin ta tafin ƙafarsa. A lokacin gindin inabin ya kai kaurin damtsen namiji.

A watan Oktoba aka kira taro a zauren coci. Wadda ta zo injiniya ce mai suna Ylva Ekdahl, matashiya, mai fara'a, daga kamfanin da aka ba kwangilar sabunta wutar layin. Ta yi bayani tsaf. Ta ce an kusa gama kafa sababbin na'urori a filin da ke bakin kogi, akwatunan ƙarfe ne da ke sassauta bugun wuta ba tare da wani abu ya juya a cikinsu ba, ba sa shan mai, ba sa ɓarnar wuta da yawa. Tsohuwa kuwa an daina ƙera kayan gyaranta. A tsakiyar Janairu za a kashe ta, a jawo taragonta a tafi da ita. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne, kuma Elof ya fi kowa sani, don shi ya sha ƙera wa injin abin da babu shi a kasuwa. Bai ƙi a kashe ta ba. Watan ne ya tsaya masa a rai. Da za a bari sai Mayu, da ya samu bazara guda ya haƙa, ya sa murhu, ya shirya wa itacen wata rayuwa.

"Akwai mai magana?" Ylva ta tambaya.

Can Elof ya ce, "Akwai inabi a bakin ramin."

"Na gan shi, Baba Elof, abin sha'awa. Har hoto na ɗauka."

"Janairu akwai sanyi."

"Haka ne. Mun ji, za mu duba."

Sai Gullan, matar Sixten abokin aikinsa na kogo, ta taso da butar gahawa tana zagaya zubi na biyu. Ta zuba wa limamin coci, ta zuba wa Ylva, ta iso kan Elof. Ya ɗora tafin hannunsa a bakin kofinsa.

Gullan ta tsaya da buta a sama. Cokula suka daina ƙara. A Stenmyra kofin farko na kowa ne, ko maƙiyinka ya shigo sai ka ba shi, shi ma sai ya sha. Na biyun shi ne zaman lafiya. Wanda ya rufe kofinsa a gaban jama'a ya ce ke nan bai yarda ba, ba zai kuma yarda ba, kuma a shaida. Rabon da a ga haka tun rigimar iyakar daji ta zamanin kakanni, wadda ta sa gidaje biyu suka daina zama a benci ɗaya a coci. Ylva kuwa ta kurɓi nata, ta ɗauki burodin kirfa na biyu, ta yaba wa wadda ta gasa.

A hanyar gida Sixten ya koma gefen kunnensa na dama. "Kai tsohon kurma, ashe haka kake da mugunta? Yarinya ƙarama, a gaban liman?"

"Ita ta ja."

"Ka ga yadda ta yi ta cusa burodi? Kunya ce. Ba ta san inda za ta sa fuskarta ba."

"Ban so ya kai haka ba," in ji Elof. Har ga zuciyarsa ya ɗan tausaya mata.

Kafin gari ya waye sau biyu labari ya gama Stenmyra, kowa kuma ya ɗauka magana ta ƙare. Wa zai kashe inji a Janairu bayan an rufe masa kofi? Ganyen inabin ya zube, lokacin yankan reshe don dashe ya zo ya wuce, Elof bai yanka ba. Ƙasa tana da taushi a lokacin, bai haƙa ba, bai tara mata taki da ƙasa a gindi ba. Yin haka a ganinsa kamar ya janye maganarsa ne. Gullan kaɗai ta ce ko a buga wa yarinyar waya a ji.

"A ce mata me?" Sixten ya ce. "Mutum ya faɗi ƙasa, ki bi shi ki taka? Bar ta ta gyara a mutunce."

Sabuwar shekara ta shigo da sanyi mai tsage leɓe. Wata ranar da hantsi, in za a kira wannan ɗan hasken hantsi, mota ta tsaya a ƙofar Elof. Ylva ce, kumatunta ja, tana murmushi. Ya shigo da ita, ya ɗora gahawa. Ya tabbata haƙuri ta zo bayarwa, har ya shirya yadda zai sauƙaƙa mata.

"Albishir na kawo," ta ce. "Mun yi shawara, mun ga babu wanda ya cancanci ya kashe injin da hannunsa sai kai. Ranar Alhamis. Za a yi kek, mai hoto ma zai zo."

Elof ya juyo mata da kunnen dama. "Wace Alhamis?"

"Wannan mai zuwa."

"Ai na ce ban yarda ba."

Ta ajiye kofinta. "Yaushe?"

"A zaure. Na rufe kofina."

Ta dube shi, ta dubi kofin da ke gabanta. "Na ga ka sa hannu. Na ɗauka likita ne ya hana ka sha da yawa. Babana ma haka yake yi."

Da mugun mutum ne ya zo, da abin ya zo da sauƙi. Yarinyar nan fuskarta ta sauya da ta gane. A tsaye a tsakiyar ɗakin girkinsa ta yi ta buga waya, daga wannan ofis zuwa wancan. Kowa ya ji, kowa ya tausaya, babu wanda ya ce a'a, babu kuma wanda ya ce to. An riga an tanadi kan jirgin da zai ja taragon, an tsayar da ranar rufe layi, an ɗauko ma'aikata daga nesa. Ta ce to a sa na'urar ɗumama ɗaki a wurin inabin. Aka ce sai an ja waya, waya kuma ba a jan ta a filin hukuma zuwa ginin da babu shi a taswirar kowa. Ginin da manyansu suka shekara talatin suna cin 'ya'yansa, rana ɗaya aka wayi gari babu shi. Aka ce dai za a duba.

Sixten ya ce kada ya je. "Ka bar su su kashe kayansu. Su ci kek ɗinsu ya shaƙe su."

"In ban je ba, wani ne zai danna maɓalli daga bakin teku yana cin ayaba," in ji Elof. "Ba ta yi mini laifin da za a yi mata haka ba."

Ya je. Ya sa rigar aikinsa ta dā, ya kama hannun ƙarfen da ya goge shekara da shekaru, ya ja shi ƙasa. Tsohuwa ba ta tsaya nan take ba. Nauyinta ya ci gaba da juya ta, muryarta tana sauka a hankali, daga ruri zuwa gurnani, daga gurnani zuwa wani nishi da ake ji a ƙirji. Tsofaffin ma'aikata suka cire huluna. Baƙin suka gaji da jira suka fara yanka kek, kore shar, mai fure a ka. Da sandan ya yi juyinsa na ƙarshe, fankokin ma suka mutu, sai aka ji ɗigar ruwa daga rufin kogon, abin da babu wanda ya taɓa ji. Aka tafa. Mai hoto ya ce Elof ya ɗan yi murmushi.

Daga kogon bai je gida ba, tudu ya zagaya. Ya tarar Sixten ya riga shi, ya ciro murhun ƙarfe daga bukkarsa ta kamun kifi ya jawo shi a kan katakon da ake ja bisa dusar ƙanƙara.

"Kada ka ce komai," in ji Sixten. "Dama ya tsufa, wurin yarwa nake nema."

"Da itacen wuta za ka yar da shi?"

"Riƙe bututun nan, kurma, surutu ya yi maka yawa yau."

Suka fasa gilashi ɗaya suka fitar da bututun hayaƙi. Suka lulluɓe gindin da rassan daji. Kullum da safe sai Elof ya tarar da barguna a ƙofar ɗakin gilashin, wani da fatar tunkiya, wani da tsohon kwat, ba wanda ya ce shi ya kawo. Su biyu suka riƙa karɓa-karɓa suna ciyar da murhu. Iskar ɗakin ta yi ɗumi. Amma saiwar inabin ba a iska take ba. Shekara talatin tana bin ramin nan tana shiga tsagar dutse inda zafi yake, yanzu kuwa ramin da ke kawo ɗumi shi ya koma hanyar sanyi. Sun toshe shi, dutsen ya ci gaba da hucewa ta ƙasa. Ƙarshen watan sanyi ya sauka ƙasa da sifiri da digiri talatin da wani abu, ya zauna. Na'urar ɗumama ɗakin ta iso a ƙarshen Fabrairu, sabuwa fil a kwalinta, ba wayar da za a sa ta.

Da Mayu ta kama, dusar ƙanƙara ta narke, kowane itace a garin ya fara tsiro. Elof ya riƙa hawa yana duba idanun rassan. Ya ba su mako, ya ƙara musu wani. Ranar da ya sa wuƙa ya kankare ɓawon gindin, ya ga ciki ruwan ƙasa har tsakiya, busasshe kamar tsohuwar igiya. Ya kankare ƙasa-ƙasa, ya tona har saiwa. Duk ɗaya ne. Ya ninke wuƙarsa, ya kwashe bargunan mutane ya wanke, ya shanya su a kan shingen coci kowa ya ɗauki nasa.

Sababbin akwatunan suna aiki lafiya, babu mai musun wannan. Jiragen tama suna hawan tudu kamar dā. Abin da ke ci wa mutanen Stenmyra rai shi ne, akwatunan nan ma suna zafi. Fankoki ne jere a kansu, dare da rana suna hura ɗumi sama, a cikin shingen waya, a kan tsakuwa, inda babu abin da ke amfana sai hankaki. Wata huɗu kacal itacen yake nema. An kashe shi ba don ƙiyayya ba, ba don riba ba, sai don babu wanda ranar Alhamis ɗin take hannunsa.

A watan Yuni Ylva ta dawo, rungume da tukunyar roba, da ɗan inabin kanti a ciki mai ganye huɗu da takardar farashi a rataye. Sixten yana gidan. Elof ya karɓa, don ba a mayar da kyauta, ya ajiye a taga. Ya zuba mata gahawa. Ta sha, ta yi maganar yadda abin ya dame ta, kuma da gaske take. Da kofinta ya ƙare, Elof ya ɗauki butar, cike take har tana tururi, ya mayar da ita kan murhu ya zauna, bai zuba mata na biyu ba. Sixten ya sunkuyar da kai. A Stenmyra ba a taɓa yi wa baƙo haka ba.

Ylva ta duba agogo, ta miƙe. "Na gode, Baba Elof. Na ji daɗi da ba ka riƙe mu a rai ba."

Ta fita. Suna jin takunta a kan tsakuwa.

"Ba ta ji ba," Sixten ya ce. "Yanzu ma ba ta ji ba. Za ta je ta ce an rabu lafiya. Kai, da Majvor tana nan da tuni ta kwaɗa maka ludayi. Buta ba ta magana, tsohon banza."

Elof ya zauna kaɗan. Sannan ya tashi, ya buɗe ƙofa, ya tsaya a kan matakala da safa kawai a ƙafarsa. Ta riga ta buɗe mota.

"Ylva."

Ta waiwayo. Da muryar kogo ya yi maganar, wadda ya saba ratsa ƙarar Tsohuwa da ita, har matar da ke shanya a gida na uku ta tsaya.

"Na riƙe ku a rai. Itacen matata ne, daga bangon uwarta ta kawo shi. Kun ci 'ya'yansa, kun kashe shi a kan wata huɗu. Ban yafe ba. Ki je ki faɗa musu haka, da bakinki, kada ki ce za a duba."

Ta tsaya riƙe da ƙofar motar. Ba ta ce ta fahimta ba. Ta ce, "Zan faɗa."

Ya koma ciki ya rufe ƙofa. Sixten ya turo masa kofinsa.

"To, ni dai zuba mini na biyu, in ba ni ma laifin na yi ba."

Elof ya zuba masa. Ya ɗebi ruwa a ƙaramin kofi ya nufi taga, ya tsiyaya wa ɗan inabin kanti rabi, ya mayar da sauran.